Fursuna yana da bakin magana? Fashin baƙi kan yajin fursunoni, bi-ta-da-ƙullin gandirobobi da masu jiran kisa a Alabama

Wai mutumin da kotu ta kama da laifi ta ɗaure, ko ma ta yanke masa hukuncin kisa, yana da hurumin ya ce ana zaluntarsa? In kuma ya faɗa, me ke samunsa? Duk sanda labarin gidajen yarin Amurka ya fito, musamman tun da jihar Alabama ta fara kashe mutane da iskar naitirojin a 2024, za ka ga mutanenmu sun rabu biyu a wajen sharhi, wasu su ce ai mai laifi ba shi da ta cewa wanda ya kashe a kashe shi kawai, wasu kuma su ce kun ga Amurkan da ke mana wa'azin haƙƙin ɗan Adam. Duka biyun sun tsallake ainihin maganar. Abubuwa uku ne a cakuɗe, fafutukar da fursunoni ke yi daga ciki, ramuwar da hukumar gidan yari ke yi a kansu, sai masu tsaya wa waɗanda ke jiran kisa, kuma babu inda ukun suka haɗu ƙarara kamar Alabama, shi ya sa zan tsaya a kanta.

Me fursunonin ke nema?

Da farko dai a gane, ba cewa suke a buɗe ƙofa kowa ya tafi gida ba. A 2013 wasu fursunoni biyu, Melvin Ray da Robert Earl Council wanda aka fi sani da Kinetik Justice, suka kafa ƙungiyar Free Alabama Movement daga cikin kurkuku, dukkansu ɗaurin rai da rai suke yi kan laifin kisa. Lissafinsu mai sauƙi ne. Wa ke dafa abinci a gidan yari? Fursuna. Wa ke wanki, wa ke shara, wa ke gyaran famfo? Fursuna, kuma a Alabama yawancin wannan aikin na cikin gida ko sisi ba a biya. To in haka ne ba sai an ƙona komai ba ba sai an taɓa gandiroba ba, kowa ya zauna a gadonsa ya ƙi fita aiki, gidan zai tsaya cak. A Janairun 2014 suka gwada a gidajen yarin St. Clair da Holman, a 9 ga Satumban 2016 kuma abin ya zama na ƙasa baki ɗaya, fursunoni a jihohi da dama suka shiga.

Ranar ba haka kawai aka zaɓe ta ba. 9 ga Satumban 1971 ne fursunonin Attica a jihar New York suka ƙwace gidan yari suna neman a gyara musu rayuwa, bayan kwana huɗu gwamna Nelson Rockefeller ya bari jami'an tsaro suka shiga da bindiga, mutum 39 suka mutu a wannan farmakin, 10 daga ciki ma'aikatan da aka yi garkuwa da su ne. Hukuma ta fito ta ce fursunoni ne suka yanka ma'aikatan, da likita ya duba gawarwaki sai ga shi harsashi ne ya kashe su, kuma fursunonin ba su da bindiga. Tun daga nan duk mai bin wannan harka ya san sanarwar farko da hukumar gidan yari ta fitar ba a rantsuwa a kanta.

Maganar aikin kyauta kuwa tana da dogon tarihi. Gyara na 13 na kundin tsarin mulkin Amurka wanda ya soke bauta a 1865 ya bar ƙofa ɗaya a buɗe, ya ce babu bauta babu aikin tilas sai dai a matsayin hukunci ga wanda aka kama da laifi. Jihohin kudu suka bi ta wannan ƙofar, a kama baƙar fata kan ƙaramin abu a ba kamfani hayarsa ya yi haƙar kwal. A 1911 wata mahaƙa mai suna Banner ta fashe a Alabama ta kashe mutum 128, kusan dukkansu fursunonin haya, kuma Alabama ba ta daina wannan hayar ba sai 1928. Yau salon ya canza, akwai fursunonin da ake fitarwa da safe su yi aiki a gidajen abinci da masana'antu su dawo da yamma, jiha ta cire kashi 40 na albashinsu tun kafin ya shigo hannu. Abin da ke ci wa fursunonin rai shi ne, an yarda ka fita gari kullum ka yi aiki cikin jama'a ba gandiroba a bayanka, amma ranar da ka je gaban kwamitin da ke sakin fursuna bisa sharaɗi kafin cikar wa'adi sai a ce kai haɗari ne ga al'umma. A 2018 fiye da rabin waɗanda suka je gaban kwamitin an sake su, zuwa 2023 abin ya faɗo wajen kashi 8.

Kar a ce ƙorafin fursunoni ne kawai. Ma'aikatar shari'a ta gwamnatin tarayyar Amurka, zamanin Trump na farko fa, ta fitar da rahoto a Afrilun 2019 ta ce halin da gidajen yarin maza na Alabama ke ciki ya saɓa wa tsarin mulki, kashe-kashe da fyaɗe tsakanin fursunoni ba mai hanawa, ta sake fitar da wani a Yulin 2020 kan dukan da gandirobobi ke yi, a Disambar shekarar ta maka jihar a kotu. Mutum wajen 20,000 ne a gine-ginen da aka yi domin kimanin 12,000, kuma a 2023 kaɗai sama da fursuna 300 suka mutu a hannun hukumar.

Yadda bi-ta-da-ƙullin ke zuwa

Nan ne mutane suka fi kasa ganewa, don in an ce ramuwa sai tunani ya tafi kan duka. Dukan akwai shi, amma shi ne ƙarami a lissafi. Yawancin ramuwar da takarda take zuwa, da sa hannun jami'i, kowane mataki in ka ɗauke shi shi kaɗai doka ta yarda da shi. A rubuta maka takardar laifi cewa kana tunzura fursunoni. A kai ka ɗakin kaɗaici a ce bincike ake. A ɗauke ka da tsakar dare a mayar da kai wani gidan yarin mai nisan ɗaruruwan kilomita daga inda mahaifiyarka take. A yanke maka waya, a hana ziyara, a shigo bincike a watsar da takardun shari'arka. Takardar laifin nan kuma tana zaune a fayil ɗinka har ranar da za ka je neman saki.

Kinetik Justice ya ga kusan duka. Bayan yajin 2014 ya kwashe shekaru a ɗakin kaɗaici, bayan na 2016 aka yi ta yawo da shi daga wannan gidan yari zuwa wancan, a Janairun 2021 kuma a gidan yarin Donaldson aka fito da shi jina-jina zuwa asibiti da raunuka a kai bayan arangama da gandirobobi. Don a san nauyin ɗakin kaɗaici, ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya da aka sa wa sunan Mandela a 2015 sun ce tsare mutum shi kaɗai awa 22 a rana fiye da kwana 15 a jere haramun ne. Kwana 15. Shi shekaru ake magana.

Yajin Satumban 2022 ya nuna wani salon. Ranar 26 ga wata fursunoni a dukkan manyan gidajen yarin jihar suka ajiye aiki, sai abinci ya koma sau biyu a rana, hotuna suka fara fitowa na burodi da ɗan abin shafawa a faranti, aka soke ziyarar ƙarshen mako. Fursunoni suka ce da yunwa ake son karya su. Hukuma ta ce a'a, ai ku ne masu girkin kun ƙi girki, da wa za mu dafa? Kuma gaskiya wannan amsar ba ƙarya ce zalla ba, shi ya sa abin ke da wuyar kamawa, mataki ɗaya yana iya zama larura ya kuma zama horo a lokaci guda. Ofishin gwamna Kay Ivey ya ce buƙatun ba masu yiwuwa ba ne, bayan wajen mako uku yajin ya mutu.

To me ya hana su zuwa kotu? Suna zuwa. A ƙa'ida haramun ne jami'i ya hukunta fursuna don ya kai ƙorafi, amma sai ka tabbatar wa alƙali cewa saboda maganarka aka yi maka, ba saboda dalilin da aka rubuta a takarda ba, kuma wanda ya rubuta takardar shi ne wanda kake ƙara, shi ke riƙe da kyamara, shi ke riƙe da shaidunka a kulle. Kotun ƙoli tun 1977, a shari'ar wata ƙungiyar ƙwadagon fursunoni ta North Carolina, ta ce hukuma na iya hana fursunoni taro da neman mambobi, a 1987 kuma ta ce duk dokar gidan yari da ke da alaƙa mai ma'ana da tsaro ta zauna ko da ta taɓa 'yancin fursuna. Sai dokar 1996 da Bill Clinton ya sa wa hannu, wadda ta ce kafin fursuna ya je kotun tarayya sai ya gama bin duk matakan ƙorafi na cikin gidan yarin. Wato akuya ta fara kai ƙarar kura wajen kura, in ta fito da rai sai ta wuce gaban alƙali.

Ba wai ba a taɓa cin nasara ba. A Kalifoniya, Yulin 2013, fursunoni kusan 30,000 suka fara yajin cin abinci kan tsare mutane a kaɗaici na shekara goma, ashirin a gidan yarin Pelican Bay, wasu suka kai kwana 60, a 2015 jihar ta sa hannu a yarjejeniyar daina tsare mutum a kaɗaici ba iyaka don kawai an ce ɗan wata daba ne. Amma can akwai lauyoyi da shari'a a kotu tana tafiya tare da yajin, ba yunwar kaɗai ta yi aikin ba.

Ɓangaren gandirobobi

Adalci ne a ji nasu. Gandiroba a Alabama ba a aljanna yake ba, ma'aikata sun yi ƙaranci ƙwarai, mutum ɗaya ko biyu a ɗakin kwanan fursuna sama da ɗari. A Maris 2016 an daɓa wa shugaban gidan yarin Holman wuƙa a wani bore, a Satumbar shekarar wani gandiroba mai suna Kenneth Bettis ya mutu bayan fursuna ya soke shi. Hujjarsu ita ce fursunan da zai iya sa mutum dubu su ƙi aiki zai iya sa su yin wani abin, kuma wayoyin da fursunoni ke ɗaukar bidiyon cikin gidan da su haramtattu ne, da irinsu ake cinikin ƙwaya ana tatsar iyalan fursunoni kuɗi. Duk wannan gaskiya ne.

Inda ni dai hujjar ta ƙi zama min shi ne, kusan duk abin da duniya ta sani game da cikin gidajen nan ta waɗannan wayoyin ya fito, kuma rahoton gwamnatin tarayya ya zo ya tabbatar da mafi yawansa. Sannan wayar da ƙwayar ba da ƙafarsu suke shiga ba, an sha kama ma'aikata da shigo da su. In hukuma ta fi zafi a kan mai ɗaukar hoton gawa fiye da kan abin da ya kashe mutumin, to ba tsaro take karewa ba, sunanta take karewa.

Masu jiran kisa da masu tsaya musu

Mafi yawan mazan da aka yanke wa kisa a Alabama suna Holman, kusa da garin Atmore, nan ɗakin kisan yake. Su ba su da makamin yajin aiki sosai don kusan kullum a kulle suke, sai suka bi wata hanya. Tun 1989 suna da ƙungiya mai suna Project Hope to Abolish the Death Penalty, shugabanninta duk masu jiran kisa ne, suna fitar da 'yar mujalla, suna karantar da sabon zuwa yadda ɗaukaka ƙara ke tafiya da ranakun da in ya bari suka wuce shi kenan, daren da za a kashe ɗaya daga cikinsu kuma sai su yi ta dukan ƙofofin sel don ya ji ba shi kaɗai ba ne. Shugaban ƙungiyar, Anthony Boyd, shi ma an kashe shi da naitirojin a Oktoban 2025, yana cewa bai aikata ba har ƙarshe.

Yanzu ga tambayar da na san tana ran mai karatu, don me za a tausaya wa mai kisa, ina wanda aka kashe? Tambaya ce mai kyau kuma laifukan ba ƙanana ba ne. Kenneth Smith, wanda aka fara gwada naitirojin a kansa ranar 25 ga Janairun 2024, kuɗi aka ba shi a 1988 suka kashe matar wani fasto. Amma tsaya wa mai jiran kisa ba yana nufin an ce bai yi ba, galibi yana nufin a duba ta wace hanya aka kai shi nan. Shi Smith, masu taimaka wa alƙali yanke hukunci 11 cikin 12 cewa suka yi a yi masa ɗaurin rai da rai, alƙali ya ture ra'ayinsu ya ce kisa, kuma alƙalan nan zaɓensu ake yi da ƙuri'a kamar 'yan siyasa. A Nuwamban 2022 an ɗaure shi a gadon kisa ana ta neman jijiya har aka haƙura aka mayar da shi sel, bayan wata 14 aka dawo da shi aka sa masa takunkumin iska.

Wani lokacin kuma mutumin bai yi ɗin ba. Anthony Ray Hinton ya yi kusan shekara 30 yana jiran kisa a Alabama kan harsasan da aka ce daga bindigar mahaifiyarsa suka fito, lauyan da aka ba shi ya ɗauka dala 1,000 kawai aka yarda ya kashe wajen ɗauko masanin bindiga, sai ya ɗauko wanda lauyan gwamnati ya yi kaca-kaca da shi. Lauya Bryan Stevenson da ƙungiyarsa Equal Justice Initiative suka riƙe shari'ar shekara da shekaru, kotun ƙoli ta sa baki a 2014, a Afrilun 2015 Hinton ya fito. A faɗin Amurka mutum wajen 200 aka wanke bayan an yanke musu kisa tun 1973. Akwai ma wani mai jiran kisa a Alabama, Cory Maples, da lauyoyinsa na sa-kai suka bar aiki a ofishinsu na New York ba su sanar da kowa ba, takardar kotu ta je aka mayar da ita ba a buɗe ba, lokacin ɗaukaka ƙara ya wuce, sai da kotun ƙoli ta ceto shi a 2012. Irin wannan shi ne ainihin tallafin, lauya, mai bincike, mai rubuta wasiƙa, mai sa ɗan kuɗi a asusun waya, mai kai tsohuwa ziyara.

Akwai shari'o'i biyu da nake ganin za su fi taɓa mai karatu Musulmi. Domineque Ray ya musulunta a kurkuku, an yanke masa kisa kan fyaɗe da kisan wata yarinya 'yar shekara 15, bai nemi komai ba a ƙarshe sai a bar limaminsa ya tsaya kusa da shi a ɗakin kisa. Dokar Alabama a lokacin malamin addinin da ke ma'aikacin gidan yari kaɗai ke shiga, shi kuma Kirista ne. Kotun ƙoli da rinjayen 5 da 4 ta ce ya makara wajen kawo ƙorafin, aka kashe shi ranar 7 ga Fabrairun 2019 liman yana kallo ta bayan gilashi. Surutun da ya biyo baya, har daga Kiristoci masu ra'ayin riƙau, ya taimaka aka juya, zuwa 2022 kotun ta yarda malamin addini ya shiga ya yi addu'a da murya har ya dafa wanda za a kashe. Ta biyun ita ce ta Joe Nathan James a Yulin 2022, 'ya'yan matar da ya kashe da kansu suka roƙi gwamna kar a kashe shi, sun ce sun yafe. Aka kashe shi. Mu da muka san ƙisasi mun san waliyyan jini suna da haƙƙin yafewa ko karɓar diyya, to a can babu wannan, shari'ar ta jiha ce, iyalin mamaci ana jin ta bakinsu ne kawai. Don haka mai kare hukuncin Alabama da hujjar ƙisasi ya sani ba abu ɗaya yake karewa ba.

A Najeriya matsalar ta juya ne, sama da mutum 3,000 ke jiran kisa, gwamnoni ba sa son sa hannu, sai mutum ya tsufa a sel. Dokar gidajen gyaran hali ta 2019 ta ba babban alƙalin jiha damar mayar da hukuncin ɗaurin rai da rai in mutum ya gama ɗaukaka ƙara ya shekara 10 ba a zartar ba, amma ko nan sai akwai wani a waje da zai bi fayil ɗin.

Wa abin ke shafa a waje?

Iyalai ne na farko, kuma yawanci talakawa, su ke biyan kuɗin waya da na kanti, su ake kira a ce ɗanku ya mutu. Steven Davis ya mutu a Oktoban 2019 bayan dukan gandirobobi a Donaldson, hukuma ta ce shi ya far musu da makami, mahaifiyarsa ta ɗauki hoton fuskarsa ta kai gaban kwamitin gwamnati, ba a gurfanar da kowa ba amma daga baya jihar ta biya dala 250,000 aka rufe ƙarar. Kuɗin masu biyan haraji ne. Haka dala miliyan 400 na tallafin korona da jihar ta karkatar a 2021 zuwa gina sababbin gidajen yari, ga shi kuɗin na Elmore kaɗai ya haura dala biliyan ɗaya, alhali masu fafutuka na cewa sabon gini da tsofaffin halaye da ƙarancin ma'aikata ba abin da zai canza. Sannan mafi yawan fursunoni wata rana za su fito su koma unguwanninsu da duk abin da gidan ya mayar da su.

Matsin lambar yana ɗan motsa abubuwa, a hankali. A Nuwamban 2022 masu zaɓe a Alabama suka amince a cire togaciyar bauta daga kundin jihar, amma aikin kyauta bai tsaya ba, har fursunoni da ƙungiyoyin ƙwadago suka shigar da ƙara a Disambar 2023. A Fabrairun 2025 gwamna Ivey, wadda ta sa hannu aka kashe mutane da yawa, ta sassauta wa Rocky Myers zuwa ɗaurin rai da rai saboda ta ce ba ta gamsu shi ya yi ba, karo na farko da gwamnan Alabama ya yi haka tun 1999, kuma cikin masu roƙa masa har da wata mata da ta zauna a cikin masu taimaka wa alƙali a shari'arsa. Ikon alƙali na ture ra'ayin masu taimaka masa an soke shi tun 2017, sai dai dokar ba ta koma baya ba, mutum wajen 30 da aka yanke wa kisa ta wannan hanyar suna nan a layi, ƙudirin da aka kawo majalisar jihar don a sake duba hukuncinsu kuma a kwamiti ya mutu a 2024.